TARIHIN GIDAN MADAKI NA KAFIN MADAKI, DA ABIN DA KE RIƘE GIDAN ƘASA

TAMBAYA: Wani mai sauraronmu, manomi kuma mai sayar da hatsi daga ƙasar Gwaram ta Jihar Jigawa, ya aiko mana da wasiƙa. Ya ce kakansu ya bar musu gidan ƙasa mai babban soro a bakin ƙofa, ga shi yanzu soron ya soma tsagewa, 'yan'uwa kuma sun rabu gida biyu. Wasu na cewa a rushe a yi na bulo a huta, wasu na cewa a bar shi tun da shi ne abin tunawa da mai gida. Ya ce direbobin hanyar Bauchi sun ba shi labarin wani tsohon gidan ƙasa a Kafin Madaki wanda gwamnati ta hana a taɓa. Shi ne yake so a ba shi tarihin wannan gida, wa ya gina shi, me ya hana shi faɗuwa, kuma ko su ma gwamnati za ta iya karɓar nasu ta riƙa gyarawa?

AMSA: To madalla, Malam, mun gode da wannan wasiƙa. Direbobin nan ba su yi maka ƙarya ba. Gidan yana nan, sunansa Gidan Madaki, mutane da yawa kuma suna kiransa Babban Gwani, watau sun laƙaba wa ginin sunan wanda ya gina shi. Kuma tun da tambayar taka ta shafi dubban gidaje a Birnin Kudu da Gwaram da kewaye, bari mu ɗan tsawaita, domin kowa ya samu abin ɗauka.

INDA GIDAN YAKE

Ga mutumin Birnin Kudu ko Gwaram, Kafin Madaki ba nesa ba ce. In ka bi hanyar da ta ratsa ta Babaldu ka wuce Ningi, kafin ka shiga Bauchi da kamar kilomita 45 za ka iske garin. Shi ne hedkwatar Ƙaramar Hukumar Ganjuwa ta Jihar Bauchi.

Sunan garin ma kansa tarihi ne. Kafi a Hausa shi ne garin da aka kewaye da itatuwa ko ganuwa don tsaro. Madaki kuwa, ko Madawaki, sarauta ce ta shugaban mayaƙan dawaki. Ka ga ke nan Kafin Madaki na nufin sansanin tsaro na Madakin Bauchi. To tsaron wa ake yi? Nan ne tarihin garin ya haɗu da na ƙasarku.

Malam Yakubu, wanda ya karɓo tuta daga Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, shi ya kafa birnin Bauchi a 1809, ya yi sarauta har ya rasu a 1845, ɗansa Ibrahim ya gaje shi ya riƙe ƙasar har 1877. A farkon zamanin Sarki Ibrahim ne, wajen 1846, wasu malamai ƙarƙashin Malam Hamza suka baro Tsakuwa ta ƙasar Kano saboda saɓani a kan haraji, suka shige duwatsun Ningi. Can suka haɗa kai da mutanen duwatsun, suka kafa mulkin da ya ƙi bin Kano, ya ƙi bin Bauchi. Daga nan aka shiga yaƙe-yaƙe na shekaru fiye da hamsin, tun daga zamanin Ɗan Maje, da Haruna, har zuwa Ɗan Yaya, ba a samu lafawa ba sai da Turawa suka ci Bauchi a 1902, suka ci Kano a 1903.

Kudancin ƙasar Kano, wanda a lokacin ya haɗa da Birnin Kudu da Gwaram, ya ɗanɗana wannan zamani ƙwarai. Haka ma arewacin ƙasar Bauchi. Saboda haka sarakunan ɓangarorin biyu suka riƙa kafa garuruwan ribaɗi a bakin iyaka, suna zaunar da manyan hakimai da mayaƙa a ciki. Kafin Madaki na cikin irin waɗannan garuruwa ta fuskar Bauchi. Yau dai alhamdu lillahi, jikokin waɗancan mayaƙa tare suke cin kasuwar Sara da ta Ningi, suna auratayya. Amma in kana son ganin shaidar wancan zamani da idonka, to ga gidan nan a tsaye.

Abin lura a nan, Malam, shi ne ba a babban birni aka yi wannan gini ba. A garin bakin daga aka yi shi, inda ake kwana da shirin hari. Duk da haka Madaki bai ce a yi masa 'yar bukka ta wucin gadi ba. Ya nemo maginin da ya fi kowa suna a zamaninsa. Wannan na nuna maka mutanen sun zauna ne da niyyar ba za su tashi ba.

WANE NE BABBAN GWANI?

Maginin shi ne Muhammadu Durugu, wanda wasu ke kira Malam Mika'ilu, aka fi saninsa da Babban Gwani. Shi ne shugaban maginan Zazzau a ƙarni na 19. Aikin da ya fi fito da sunansa shi ne Masallacin Juma'a na birnin Zariya, wanda aka gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, da ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846. Masana gine-gine na ciki da wajen ƙasar nan suna sa wannan masallaci a sahun gaba na gine-ginen ƙasa a duk Afirka ta Yamma. Har yanzu akwai unguwa a birnin Zariya da ake kira Babban Gwani, inda zuriyarsa suke.

Da sunansa ya bazu, sai sarakuna suka riƙa aikawa a ɗauko shi. Gidan Madaki na cikin ayyukan da ake danganta masa, kuma an ajiye shekarar ginin a wajen 1860. In ka yi lissafi za ka ga ya haura shekara 160, watau ya ga damina fiye da 160 ta zo ta wuce.

Akwai labarai da yawa da ake bayarwa a kansa. Wasu na cewa da dare yake gini shi kaɗai, wasu na cewa wani sarki ne ya sa aka kashe shi bayan ya gama masa masallaci don kada ya je ya yi wa wani wanda ya fi shi. Irin waɗannan labarai na baka ne, kuma kusan kowace ƙasa akan ba da irinsu a kan babban gwani. Abin da ke a fili, wanda hannu zai taɓa, shi ne aikin da ya bari.

YADDA AKA YI GININ

Yanzu bari mu zo kan abin da ya hana shi faɗuwa. Kada wani ya ce maka aljanu ne ke riƙe da shi. Kayan da aka yi aikin da su duk ka san su, wasunsu ma suna gonarka.

Na farko ƙasa. Magina na da ba kowace ƙasa suke ɗiba ba. Sukan nemi birji mai kyau, a jiƙa shi, a zuba masa ciyawa, a tattake, a bar shi ya kwana biyu yana ruɓa, a sake juyawa, kafin a taɓa shi. Daga nan a mulmula tubali da hannu, mai faɗin gindi da tsinin kai, a shanya shi ya bushe sarai. Ana jera shi ne a tsaye, a cike tsakani da kwaɓaɓɓiyar ƙasa. Bangon kuma yakan faro da kauri sosai daga ƙasa, yana tafiya sama yana sirancewa, don gindi ya iya ɗaukar nauyin kai. Ba a kuma yin gaggawa. In an ɗora 'yan layuka sai a dakata su sha iska kafin a ƙara.

Na biyu azara, wadda ake tsagowa daga giginya, musamman namijin da ya tsufa. Azara ta gari gara ba ta cinta da sauƙi, kuma takan yi shekaru aru-aru ba ta ruɓe ba muddin ruwa bai zauna mata ba. Sai dai tana da iyaka. In ka shimfiɗa ta ka ɗora mata ƙasa, da ta wuce kamar ƙafa shida babu abin tallafi sai ta soma lanƙwasa. To yaya za a yi a rufe babban zaure da sarki zai zauna da fadawansa?

Nan ne gwanintar take. Sai magini ya dasa azara a cikin bango tana leƙowa, ya ɗaura wata a kanta da igiya ta ƙara leƙowa gaba, haka haka daga bangon nan da bangon can, har su haɗu a tsakiya a sama. Sai a lulluɓe su da ƙasa. Shi ne ake kira bakan gizo. In aka giciya bakan gizo da yawa suka sarƙe da juna, sai su raba rufin zuwa ƙananan gurabe waɗanda azara za ta iya rufewa, a samu abin da magina ke kira ɗaurin guga, daga waje kuma a ga tulluwa. Da wannan dabara ce ake samun ɗaki mai faɗi da tsawo, mai sanyi da bazara, mai ɗumi da hunturu. Babban Gwani ya kai wannan fasaha inda ba a taɓa kai ta ba, shi ya sa duk wanda ya shiga soron da ya gina, abin da yake fara yi shi ne ɗaga kai sama.

Na uku kuwa, wanda shi ne rigar gini, shi ne yaɓe. Akwai makuba, wadda ake samu daga ɓawon 'ya'yan ɗorawa, a jiƙa a kwaɓa da ƙasa a shafe bango, ruwa ya riƙa zamewa. Akwai kuma laso, wanda ake haɗawa da katsi na marina, da gashin jima daga majema, da dafara. Shi ake shafa wa rufi da kan bango inda ruwa ya fi duka. Sai indararo da ke fitar da ruwan rufi ya zubar da shi nesa da bango.

Ka lura da wani abu a nan. Soro guda ɗaya sai da manomi ya bar giginya da ɗorawa a gonarsa, marini ya ba da katsi, majemi ya ba da gashi, mata suka yi daɓe, sannan magini ya haɗa. Gari guda ne ke gina soro. Kuma makuba da laso ba su dawwama. Ruwa da iska suna cinsu a hankali, dole bayan 'yan shekaru a sake. Saboda haka gidan ƙasa ba a gama gina shi a ce an gama. Kowane ƙarni na masu gidan sai ya sa nasa hannun.

YADDA GWAMNATI TA SHIGO

A zamanin Turawa, cikin 1943, aka kafa sashen kula da kayan tarihi na Nijeriya ƙarƙashin wani Bature mai suna Kenneth Murray. A 1952 aka buɗe gidan tarihi na Jos, wanda Bernard Fagg ya kafa, a 1953 kuma aka yi dokar kare kayan tarihi. Da wannan doka ce aka soma zaɓen wurare ana shelar cewa sun zama kayan tarihi na ƙasa baki ɗaya. Gidan Madaki na cikin rukunin farko-farko, an yi shelarsa a 1956, tun kafin samun 'yancin kai.

Mutanen Birnin Kudu ba baƙin wannan al'amari ba ne. A cikin shekarun 1950 ɗin nan ne shi Bernard Fagg ya bayyana wa duniya zane-zanen shanu da ke jikin duwatsun garin, irin su Dutsen Mesa da Dutsen Habude, da kuma duwatsun nan masu amo in an buga su. Su ma an sa su cikin kayan tarihi na ƙasa. A 1979 aka yi doka mai lamba 77 wadda ta kafa Hukumar Kula da Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta Ƙasa, ita ce ke da alhakin waɗannan wurare har yau, kuma tana da ma'aikata a Birnin Kudu saboda zanen duwatsun.

Akwai kuma wani masanin gine-gine ɗan ƙasar Folan mai suna Dmochowski, wanda ya yi shekaru yana yawo a Nijeriya da ɗalibansa suna auna tsofaffin gine-gine suna zana su a takarda, ciki har da na Kafin Madaki. Shi ne ya assasa wurin nan na Jos inda aka kwaikwayi gine-ginen gargajiya, har da Masallacin Zariya da wani yanki na ganuwar Kano. Ya rasu a 1982, littafinsa mai juzu'i uku ya fito a 1990.

To mece ce ma'anar a ce gini ya zama kayan tarihi na ƙasa? Ma'anarsa doka ta hana a rushe shi, ko a ɓata shi, ko a sauya masa kama ba tare da izinin hukumar ba. Wannan babbar kariya ce daga hannun mutum. Amma fa takardar gwamnati ba ta tare ruwan sama. Zanen da ke jikin Dutsen Mesa zai iya jiran ma'aikaci shekara goma bai ce uffan ba, domin dutse ne. Bangon ƙasa kuwa in indararo ya toshe a watan Agusta, kwana uku ya ishe shi. Gidan Madaki ya yi kusan shekara ɗari a tsaye kafin a rubuta sunansa a kowace takarda. Waɗanda suka riƙe shi a waɗannan shekaru su ne masu gidan da maginan garin, da suke hawa kowace shekara kafin ruwa ya sauka.

ABIN DA YA FARU A WASU WURARE

Don ka gane wannan magana sosai, dubi abin da ya samu sauran gine-gine irinsa.

Masallacin Zariya, wanda shi ne gagarumin aikin Babban Gwani, a shekarun 1970 an gina sabon masallaci na siminti wanda ya lulluɓe abin da ya rage na tsohon. Na cikin ya tsira daga ruwa, amma wasu sassa sun tafi, kuma mai wucewa ta waje ba zai ƙara ganin kamannin da Babban Gwani ya bari ba.

A Kano, ganuwar birni ita ma tana cikin kayan tarihi na ƙasa, amma kowa ya ga yadda aka cinye ta a wurare da dama, wasu na ɗibar ƙasarta, wasu na gini a kanta, saboda ba mai kwana a cikinta balle ya ji zafin ɗigar ruwa. Amma Gidan Makama, wanda ake danganta asalinsa da zamanin Sarki Muhammadu Rumfa da ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, yana nan, an mai da shi gidan tarihi, kullum da mutane a ciki. Haka Gidan Ɗan Hausa, inda Baturen nan Hanns Vischer ya zauna lokacin da ya buɗe makarantar boko a Nasarawa a 1909, shi ma an ba shi aikin yi. Ka ga bambancin ke nan. Wanda ake shiga ana fita ya rayu, wanda aka bar wa jemagu ya tafi. Hausawa sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

In muka leƙa waje, a garin Jenne na ƙasar Mali akwai masallacin ƙasa da ya fi kowane girma a duniya, wanda aka yi ginin da ke tsaye yanzu a 1907. Kowace shekara mutanen garin kan ware rana, maza da mata da yara, wasu na kawo ruwa, wasu na kwaɓa, wasu na hawa, su yaɓe shi tas kamar ana biki. Hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa garin cikin wuraren tarihi na duniya a 1988, amma gayyar ta riga UNESCO. A nan maƙwabta kuma, a ƙauyen Yama na jihar Tawa a Jamhuriyar Nijar, wani magini manomi mai suna Falke Barmu ya soma gina masallacin ƙasa a 1962, aikin da ya ci babbar kyautar gine-gine ta Aga Khan a 1986. Wannan na nuna sana'ar ba ta mutu da Babban Gwani ba, kuma ba sai a birni ake samun gwani ba.

ABIN DA KE KASHE GIDAN ƘASA A YAU

Tsufa kaɗai ba ya kayar da soro. Abubuwa huɗu ne suka fi yin ɓarna.

Na ɗaya, rabon gado. Muddin mai gida na da rai, shi ke cewa a hau a gyara. Da ya kwanta dama, gida ya zama na mutum goma sha, sai kowa ya zuba wa ɗan'uwansa ido. Wanda ke Legas ko Fatakwal yana cewa ai ba ni ke ciki ba, wanda ke ciki yana cewa ai ba nawa ne ni kaɗai ba. Kafin a gama wannan ja-in-ja damina uku ta wuce.

Na biyu, filastar siminti a kan bangon ƙasa. Mutane da yawa na yin haka da kyakkyawar niyya, amma siminti da ƙasa ba su kama juna. Da ya ɗan tsage ruwa zai shige ta baya, kuma ba shi da hanyar fita, sai ƙasar ta yi ta jiƙa a ɓoye tana narkewa, daga waje kuwa bango fes. Ranar da filastar za ta ɓanɓaro, da rabin bango za ta zo.

Na uku, ruwan da ke kwanciya a gindin bango. Yanzu an cike kududdufai da yawa an yi gini a kansu, an ta da tituna sun fi gidaje tudu, ruwa ya rasa hanya sai cikin lungu. Ambaliyar 2022 ta nuna wa mutanen Jigawa wannan a fili, inda gidajen ƙasa masu ɗimbin yawa suka zube. Galibi daga ƙasa ruwa ke cin bango, ya rarake gindi, nauyin sama ya ƙarasa aikin.

Na huɗu, ƙarancin kayan aiki da masu aikin. Giginya takan ɗauki shekaru masu yawa kafin ta isa tsaga, ga shi ana sara ba a dasawa, 'ya'yan da aka binne kuma duk a tone a ci muruci. Ɗorawa na tafiya a gawayi. Marina da dama sun mutu, balle a samu katsi. Tsofaffin magina da suka iya ɗaurin guga suna ƙarewa, 'ya'yansu sun koma bulo.

SHAWARA

Game da tambayarka ta ƙarshe, Malam, gaskiya ita ce ba kowane tsohon gida gwamnati ke ɗauka ba. Sai wanda ke da wani tarihi na musamman ko gini na ban mamaki, kuma waɗanda ta ɗauka ɗin ma kuɗin kula da su ba ya isa. In kuna ganin naku na da irin wannan daraja, ba laifi ku je wurin ma'aikatan hukumar a Birnin Kudu, ko ku bi ta hannun dagaci da hakimi, a zo a duba. Amma kada ku zauna jira.

Abin da za ku fara yi shi ne ku nemo tsohon magini na ƙasa, ba birkila ba, ya dubi tsagar nan. Akwai tsagar yaɓe, wadda ba ta wuce fata ba, ana cike ta a wuce. Akwai kuma tsagar da ta ratsa bango, ko bango ya karkata, ko azara ta ruɓe rufi ya yi ciki. In irin wannan ce, to a fitar da kowa daga ɗakin tun yau, kada yaro ko almajiri ya ƙara kwana a ciki sai an gyara. Rai ya fi kowane tarihi. In magini ya ce ba ta gyaruwa, a sauke shi da hannu cikin natsuwa, a adana azarar da ƙyauren, a ɗauki hotonsa ciki da waje kafin a taɓa, yanzu da kusan kowane gida akwai waya mai hoto.

In kuwa ya ce tana gyaruwa, to ku sani ba dole ne a zaɓi ɗaya tsakanin bulo da ƙasa ba. Masu son ɗakunan bulo su yi abinsu daga ciki, a bar soron ƙofa a matsayin na kowa. Ku zauna gaban manya, da malamin da ya san rabon gado, a rubuta yarjejeniya a kan wanda zai riƙe shi da abin da kowa zai riƙa bayarwa. In kowane magaji zai ware ko da 'yan kwanonin gero ne ko riɗi da kaka, ya isa kuɗin magini da makuba, tun da gyaran shekara-shekara ba shi da tsada. Wanda aka bari ya taru shi ne mai cin dukiya.

Sannan a ba soron aiki. A yi karatun allo a ciki, ko ɗaurin aure, ko saukar baƙi, ko zaman sulhu. Ɗakin da ake shara kullum, da ya fara ɗiga za a gani.

Kowace shekara kuma, da an shiga bazara kafin ruwan farko, a hau rufi a cire ciyawa, a toshe ramuka, a buɗe indararo, a tabbatar yana zubarwa nesa. A yi wa gindin bango dakali, a gyara hanyar ruwa ta bi waje. In dole sai an sa kwano a sama, a sa shi da baki mai faɗi yadda zai kare bangon, kada ya riƙa zubo masa ruwa a jiki. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Ku kuma sauran jama'a manoma, in Allah ya sa akwai giginya ko ɗorawa a gonarku, a bar wa na baya. Cikin kowace binnewar muruci a ƙyale 'yan ƙwaya biyar su tashi. Matasa masu sha'awar gini kuma su raɓi tsofaffin magina tun suna raye, domin wannan ilmi a hannu yake, ba a allo ba. Kafin rana ta faɗi kuma a zaunar da dattawan gida a tambaye su wa ya gina, a zamanin wane hakimi, daga ina aka ɗauko azara, a rubuta ko da ajami ne a ajiye.

Wanda duk hanya ta bi da shi ta Kafin Madaki, ya daure ya tsaya ya nemi izni ya shiga ya ɗaga kai, gani ya kori ji. Masu tsofaffin gidaje a Birnin Kudu da Gwaram da sauran wurare kuma, muna jiran wasiƙunku da tarihin naku. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare mu daga rushewar gini. Sai wani makon, a huta lafiya.